Tambaya da Amsa: Ƙanƙara, Gajimare da Kwamfutar Hasashen Yanayi

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da damina ta kankama, wasiƙun da suka fi zuwa wannan fili a kan ƙanƙara suke. Na zaɓi uku na taƙaita su, kuma kamar kullum ba na sa sunan kowa.

TAMBAYA, daga wani dattijo manomi a yankin Bokkos, Jihar Filato: "Malam, hadari ya taso mana da la'asar a farkon damina. Rediyo ta ce za a yi ruwa da tsawa, ba ta ambaci ƙanƙara ba. Kafin mu ankara ƙanƙara ta kwantar mini da dankali, ta yayyaga ganyen masara. Gonar ƙanena da ke hayin rafi kuwa ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Ɗana ya ce yanzu kwamfuta ce ke hasashen yanayi. In haka ne, me ya hana ta gaya mana?"

AMSA: Baba, Allah Ya mayar da alheri, Ya sanya albarka a abin da ya rage. Ɗanka ya faɗi gaskiya, kwamfuta ce ke yin lissafin. Amma ƙanƙara na cikin abubuwan da suka fi gagarar ta, kuma ina so in warware maka dalilin tiryan-tiryan, domin manomin da ya yi asara ya cancanci amsa cikakkiya.

Gajimaren hadari irin namu yakan yi tsawo har kilomita 15 ko fiye. Ƙasansa ɗumi, samansa sanyin da ya wuce digiri 60 ƙasa da sifili. A tsakiya akwai wani abin mamaki: ɗigon ruwa ƙanana da suka wuce sanyin daskarewa amma ba su daskare ba. Ruwa mai tsabta yakan zauna a haka har kusan digiri 40 ƙasa da sifili, muddin bai sami abin da zai kama ya daskare a kansa ba. To da zarar ɗan ƙwayar ƙanƙara ya shiga cikin wannan ruwa, duk ɗigon da ya taɓa shi sai ya manne ya daskare. Haka yake ta girma. In ɗigon ya daskare nan take, iska kan maƙale a ciki, wurin ya yi fari. In ya ɗan bazu kafin ya daskare, wurin ya fito garau. Shi ya sa in ka fasa babbar ƙanƙara za ka ga zobe-zobe a cikinta, fari da garau, kowane zobe shaidar irin wurin da ta ratsa a cikin gajimare.

Abin da ke riƙe ta a sama har ta yi girma shi ne iskar da ke hawa daga ƙasa ta tsakiyar hadarin. Ƙanƙara mai girman ƙwan kaza sai iska mai gudun fiye da kilomita 100 a awa, kuma tana hawa sama sak, take iya riƙe ta. Ranar 23 ga Yulin 2010 an tsinci wata a garin Vivian na Dakota ta Kudu a Amurka, faɗinta santimita 20. Wadda aka auna mafi nauyi ta faɗo a Gopalganj ta Bangaladesh ranar 14 ga Afrilun 1986, ta ɗan haura kilo ɗaya, kuma hadarin ranar ya hallaka mutum 92. Na kawo waɗannan ne don a san abin ba na wasa ba ne.

Me ya sa ku mutanen Filato kuka fi na Kano da Sakkwato shan wannan wahala? A ƙasashenmu masu zafi, sai an hau kusan kilomita 5 kafin a kai inda ruwa ke daskarewa. Daga can zuwa ƙasa ƙanƙara tana ratsa iska mai ɗumi ne tana narkewa. A ƙasa mai kwari, ƙananan duk sun narke kafin su iso. Manyan ɗigon nan masu sanyi da ke fara sauka in hadari ya iso, da yawansu ƙanƙara ce da ta narke a hanya. Jos kuwa tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, don haka tafiyar ta gajarta, iskar kuma ta fi sanyi. Ga duwatsu da ke tura iska sama su tayar da hadari. Haka abin yake a Kericho ta Kenya, inda ƙanƙara ta daɗe tana addabar gonakin shayi. Farkon damina kuma ya fi haɗari, saboda rana na dukan ƙasa sosai, ga sauran busasshiyar iska a sama, ita kuma busasshiyar iska tana rage narkewar ƙanƙara.

Yanzu ga kwamfuta. Abin da ake yi shi ne a yanka sararin sama gida-gida, a kwance da kuma hawa-hawa. A kowane gida a rubuta zafi, danshi, nauyin iska da gudunta. Sai a sa kwamfuta ta bi dokokin kimiyya ta lissafa yadda kowane gida zai sauya bayan 'yan daƙiƙu ko mintuna, ta sake, ta sake, har ta kai gobe ko jibi. Manhajar Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai, wadda ake yabawa a duniya, faɗin gida ɗaya a cikinta kusan kilomita 9 ne. Ka ga gonarka da ta ƙanenka da rafin da ke tsakaninku, har da ƙauyukan maƙwabta, duk suna cikin gida ɗaya, lamba ɗaya ce ke wakiltarsu. Ƙanƙara kuwa takan zuba ne a siririn layi, wani lokaci bai kai faɗin kilomita ɗaya ba, cikin 'yan mintuna.

Shi ya sa aka ƙirƙiro manhajojin yanki, waɗanda ke ɗaukar ƙasa ɗaya ko jiha ɗaya su yanka ta ƙanana. Amurka na da wadda ake kira HRRR, gidajenta kilomita 3, ana sabunta ta kowace awa. A wannan ma'auni hadari yakan fito a cikin lissafi da kansa, ka ga ya taso, ya yi tafiya, ya mutu. Sai dai ko a nan akwai gyara. Kafin kwamfuta ta zana abu da kyau tana bukatar ya mamaye gidaje da dama, ita kuwa zuciyar hadarin, inda iska ke hawa da ƙarfi, faɗinta 'yan kilomita ne kawai. Sai ƙarfinta ya fito a raunane. In ka ce a ƙara ƙanƙanta gidajen, duk lokacin da aka raba faɗinsu biyu aikin kwamfuta yakan ninka kusan sau 8.

Akwai matsala ta biyu, wadda ni ta fi ɗaukar mini hankali. A cikin gajimare, ɗan wurin da bai fi kan yatsa ba yana iya ɗauke da ɗaruruwan ɗigo, kuma sai kusan miliyan ɗaya daga cikinsu sun haɗu ake samun ɗigon ruwan sama guda. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗai-ɗai. Sai take yin irin na dillalin hatsi a Dawanau: ba ya ƙirga ƙwaya, buhu yake aunawa. Takan ce a wannan gida akwai ruwan gajimare kaza, ruwan sama kaza, ƙanƙara kaza. To amma kilo ɗaya na ƙanƙara yana iya zama dubban ƙanana da za su narke a hanya, yana kuma iya zama 'yan manya ƙalilan da za su fasa kwanon rufi. Nauyin ɗaya ne, ɓarnar ba ɗaya ba ce. Rarrabe wannan shi ne abin da masu binciken gajimare suka shafe shekaru suna fama da shi.

Ta uku ita ce farawa. Lissafi daga halin da sama ke ciki yanzu yake tashi, kuma wannan sai an auna. Tun 1963 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure a farkon lissafin yanayi yakan girma har ya sauya sakamako gaba ɗaya. A Turai da Amurka ana sakin balan-balan mai na'ura sau biyu a rana daga tashoshi masu yawa, ga na'urorin rada masu hango ruwa da ƙanƙara a cikin gajimare sun rufe ƙasa. A Afirka ta Yamma tashoshin da ke wannan aiki a kai a kai kaɗan ne ƙwarai. Kwamfutar da ba a gaya mata danshin da ke saman Filato da safe ba, ba za ta san abin da la'asar za ta haifar ba.

Don haka, Baba, ga abin da ya dace ka nema. Ba wanda zai iya gaya maka tun jiya cewa gonarka ce za a daka ba ta ƙanenka ba, ko a Jamus. Amma ana iya cewa yau ranar haɗari ce a tsaunukan Filato daga azahar zuwa magariba, kuma akwai yiwuwar ƙanƙara. Inda akwai rada mai aiki, ana iya ganin hadarin yana tafe a yi gargaɗin rabin awa ko awa ɗaya. Tauraron ɗan'adam na Meteosat yana ɗaukar hoton Afirka a kowane minti 10 zuwa 15, wanda aka harba a Disambar 2022 ma har walƙiya yake ƙirgawa, kuma walƙiyar da ta ƙaru farat ɗaya alama ce ta hadari mai ƙarfi. Rabin awa ba zai ceci dankali ba, na sani. Amma zai isa a kora dabbobi ƙarƙashin rufi, a kira yara daga gona, a rufe irin da ke gadon reno. Ra'ayina shi ne duk ranar da alamu suka nuna, a fito a ambaci ƙanƙara da sunanta a rediyo, da Hausa da sauran harsunan yankin, ko da rabin lokaci ba za ta zo ba.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: "Na ji ana harba magani cikin gajimare a ƙasashen Turawa don a hana ƙanƙara. Gaskiya ne? Me zai hana mu yi?"

AMSA: Alhaji, ana yi. Sinadarin azurfa da aidin ne, wanda Bernard Vonnegut ya gano a shekarun 1940 cewa yana sa ruwan gajimare daskarewa. Tunanin shi ne in aka yawaita ƙwayoyin ƙanƙara, za su raba ruwan a tsakaninsu, kowace ta fito ƙarama ta narke. Tsohuwar Tarayyar Sobiyat ta yi ta harba rokoki a kan haka. Amma da aka gwada shi gwajin kimiyya, a Kolorado daga 1972 zuwa 1974, da Suwizalan daga 1977 zuwa 1981, ba a sami hujjar cewa ƙanƙara ta ragu ba. A Alberta ta Kanada kamfanonin inshora ke biyan jiragen feshi tun 1996, duk da haka ƙanƙarar da ta faɗa wa Calgary a Yunin 2020 ta yi ɓarnar fiye da dalar Kanada biliyan ɗaya. Wahalar ita ce ba ka da hadari biyu iri ɗaya da za ka fesa ɗaya ka bar ɗaya. A kwamfuta ana iya yin haka, sai dai amsar takan bi irin lissafin gajimaren da aka zaɓa. In ni ke riƙe da kuɗin, rada zan saya, in tallafa wa masu lambu da ragar rufe shuka irin wadda masu gonakin tuffa a Italiya da masu inabi a Mendoza ta Ajantina ke amfani da ita, in kuma gyara inshorar amfanin gona.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar kimiyya a Zariya: "Malam, ina ajin ƙarshe, ina so aikina na kammalawa ya kasance kwaikwayon hadarin ƙanƙara da manhajar WRF. Wane tsarin gajimare ya fi kyau? Kuma kwamfutata ta tafi-da-gidanka za ta iya?"

AMSA: Ƙanwata, wasiƙarki ta faranta mini rai, domin irinku muke nema. WRF zaɓi ne mai kyau. Cibiyar binciken yanayi ta NCAR da ke Boulder a Kolorado ce ke kula da ita, kyauta ce, a kan Linux take aiki, kuma masu amfani da ita suna da yawa, ba za ki rasa wanda ya taɓa cin karo da matsalarki ba. Bayanan da za ki ciyar da ita ta gefuna ki ɗauko daga ERA5, taskar bayanan yanayin da ya gabata ta cibiyar Turai, mai gidajen kusan kilomita 31, awa-awa, tun daga 1940. Shi ma kyauta ne.

Ki yi babban fili mai gidajen kilomita 9, ki sa ƙarami mai kilomita 3 a cikinsa. A ƙaramin ki kashe tsarin da ke ƙiyasta hadari, ki bar hadarin ya taso da kansa. Wannan yana da muhimmanci a yankinmu fiye da wurare da yawa. Manhajojin da ke ƙiyasta hadari an san su da saukar da ruwa tun da rana tsaka, yayyafi-yayyafi kusan kullum, alhali mu mun san hadarinmu da yamma yake haɗuwa, ya yi dogon layi, ya taso daga gabas ya nufi yamma cikin dare. Da Hukumar Yanayi ta Birtaniya ta yi lissafin Afirka baki ɗaya da gidajen kilomita 4.5, a aikin da aka sa wa suna CP4-Africa, lokacin saukar ruwa da ƙarfinsa sun fi kusa da abin da ake gani. Ki kuma faɗaɗa filinki ta gabas, don hadarin ya sami wurin haihuwa a ciki. Ki fara lissafin awa 12 ko fiye kafin lokacin da kike nema, saboda sa'o'in farko manhajar na daidaita kanta ne.

Batun wane tsari ya fi kyau, kada ki yarda da wanda ya ba ki suna ɗaya ya ce shi ke nan. Tsarin WSM6 yana da sauƙi da sauri, amma nauyi kawai yake bi ban da adadin ƙwayoyi, kuma bai ware wa ƙanƙara mai tauri rukuninta daban ba. Na Morrison yana bin nauyi da adadi, kuma yana da maɓallin da za ki zaɓi mai taushi ko mai tauri. Na Milbrandt da Yau, da na cibiyar binciken hadari ta NSSL a Amurka, sun ware wa ƙanƙara mai tauri rukuninta daban. Waɗanda ke bin nauyi da adadi sun fi iya rarrabe manya da ƙanana, sun kuma fi cin lokaci. Shawarata ki ɗauki hadari ɗaya ki gudanar da shi da tsari uku, kome da kome iri ɗaya sai tsarin gajimaren. Za ki ga ɗaya ya zubo ƙanƙara, wani ya narkar da ita duka, wani ya kai hadarin wani gari. Bayyana dalilin wannan bambanci kaɗai ya isa aikin kammala digiri mai daraja.

Ki kunna HAILCAST, tsarin ƙiyasta girman ƙanƙara da ke cikin WRF. Asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, aka inganta shi a Alberta, sannan Adams-Selin da Ziegler suka haɗa shi da WRF a 2016. Duk inda ya ga iska mai hawa da ƙarfi sai ya jefa 'yan ƙwayoyi guda 5 masu girma daban-daban, ya bi su suna girma, suna faɗowa, suna narkewa, ya ba ki girman da ya iso ƙasa. Amma ki riƙe a ranki cewa yawancin waɗannan tsare-tsare a kan hadarin Amurka da Kanada da Turai aka gwada su. Samanmu daban take: wurin daskarewa ya fi nisa, ga ƙurar Sahara, wadda ƙwayoyinta ke cikin abubuwan da ruwan gajimare ya fi saurin daskarewa a kansu. Wannan fage ne da ke jiran masu bincike daga nan. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, aka wallafa a 2017, ya nuna manyan hadurran Sahel mafiya ƙarfi sun ninka sau 3 tun 1982. A lokaci guda ɗumamar duniya na ɗaga wurin daskarewa sama, abin da ke ƙara narkar da ƙananan ƙanƙara. Yadda waɗannan biyu za su kaya a Filato ko Mambila tambaya ce da ta dace da mai irin burinki.

Kwamfutarki za ta iya ƙaramin fili na kwana ɗaya ko biyu, sai dai da haƙuri, tana iya kwana tana aiki. Ki sa manhajar ta riƙa ajiye inda ta kai a kowace awa ɗaya ko biyu ta lissafi, don in an ɗauke wuta ki ci gaba daga nan. In sashenku na da babbar kwamfuta, ki nemi izini tun da wuri.

Abin da zai fi ba ki wahala kuwa ba a cikin kwamfuta yake ba. Da me za ki gwada sakamakonki? In manhaja ta ce ƙanƙara mai santimita 3 ta sauka a wuri kaza da ƙarfe 4, dole a sami wanda ya gani ya rubuta. Suwizalan tun 2015 take karɓar rahoton ƙanƙara daga jama'a ta manhajar waya ta hukumar yanayinta, kuma da shi masu bincike ke gwada rada da lissafi. A Faransa da Italiya an daɗe ana amfani da wani abu mai arha: farantin soso mai tauri irin na cikin kwalin firji, a ɗaure shi a kan sanda a fili. Kowace ƙanƙara ta bar rami, daga faɗin ramin a gane girmanta. Wasu kan lulluɓe shi da takardar alminiyam don ramin ya fito sosai. Kuɗin 'yan farantai ba zai gagari ƙungiyar ɗalibai ba.

Saboda haka kafin ki zaɓi tsari, ki zaɓi rana. Ki nemo hadarin da aka san kwanan watansa da garinsa, wanda jaridu suka ruwaito ko mutane suka ɗauki hotonsa. Ki je wurin in da hali, ki tambayi manoma ƙarfe nawa ta fara, minti nawa ta yi, daga wace kusurwa ta zo, ina ta tsaya. Ki nemi bayanan tashar Hukumar Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, mafi kusa da hotunan Meteosat na ranar. Masu karatu kuma da ke son taimaka wa irin wannan aiki, in ƙanƙara ta sauka ku jira ta tsaya tukuna, sannan ku ɗauki mafi girma ku ajiye kusa da rula ko kwalin ashana, ku ɗauki hoto kafin ta narke, ku rubuta sunan gari da lokaci.